Yadda Sabon Shugaban Ƙungiya Zai Sami Amincewar Jama'arsa, Mataki-Mataki

Ranar da aka zaɓi mutum ya shugabanci ƙungiyar manoma, ko ta 'yan kasuwa, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar ci gaban unguwa, abin da jama'a suka miƙa masa shi ne kujera da ɗan kyakkyawan zato. Yarda ta gaske daga baya take zuwa, kuma a hankali, domin da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga masa hannu sun riga sun ga yadda aka tara kuɗin gyaran taransifoma suka bi ruwa, ko yadda takin da aka karɓo da sunan membobi ya ɓulla a kasuwa. Saboda haka bai kamata sabon shugaba ya ji haushi ba idan ya ga ana ɗari-ɗari da shi, domin laifin waɗanda suka gabace shi ne ya gada tare da kujerar.

Abin da na gina wannan rubutu a kansa guda ɗaya ne: mutane sun fi amincewa da shugaban da ya buɗe musu hanyar bincikarsa tun kafin su nema. Rantsuwa da daɗin baki suna iya kwantar da hankalin taro na yini guda, amma gani ya kori ji. Zan yi magana da mai karatu a matsayin namiji don sauƙin zance, sai dai duk abin da ke ƙasa ya shafi shugabar ƙungiyar mata da uwar adashi daidai wa daida.

Mataki na farko: karɓi ragama a rubuce, sannan ka zaga

Kafin ka sa hannu a kan komai, ka nemi a yi zaman miƙa ragama a gaban shaidu, aƙalla dattawa biyu da ba su riƙe da wani muƙami. A ƙirga kuɗin da ke hannu, a karɓo takardar bayanin asusu daga banki, a lissafa kayan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, tun daga injin ban ruwa da janareta har kujeru da tabarmi, a rubuta bashin da ake bin ƙungiya da wanda take bi. Tsohon shugaba ya sa hannu, kai ma ka sa, shaidu su sa. Wasu suna jin nauyin yin haka don kada a ce sun zargi magabacinsu, amma duk abin da ba a ƙirga ba ranar nan, idan aka neme shi aka rasa bayan shekara guda, a wuyanka zai rataya. Ka gaya wa tsohon shugaban cewa takardar kariya ce gare shi kamar yadda take gare ka, kuma hakan gaskiya ne.

Daga nan sai ka ɗauki makonni biyu ko uku kana zagayawa gida-gida ko rumfa-rumfa. Ka fara da waɗanda ba su zaɓe ka ba, musamman wanda ya yi takara da kai, domin magoya bayanka za su gaya maka abin da kake son ji, su kuwa waɗannan su ne suka riƙe jerin abubuwan da aka yi ba daidai ba. Ka tambaye su abin da ya fi ɓata musu rai a tafiyar ƙungiyar, da abin da suke ganin za a iya gyarawa kafin damina ko kafin azumi. Ka riƙe littafi kana rubutawa a gabansu, kada kuma ka yi wa kowa alƙawari a wannan zagayen.

Mataki na biyu: taƙaita alƙawari a jawabin farko

Jawabin da Sayyidina Abubakar Siddiƙu ya yi lokacin da aka yi masa mubaya'a a Madina a shekarar 632 ya isa abin koyi. Ya gaya wa mutane cewa an shugabantar da shi a kansu alhali ba shi ne mafificinsu ba, idan ya kyautata su taimake shi, idan ya karkace su miƙe shi. Abin lura shi ne, a rana ta farko ya ba mabiyansa izinin yi masa gyara, kuma da bakinsa ya ba su.

Kai ma ka faɗi irin wannan, sa'an nan ka zaɓi abu biyu ko uku kacal daga cikin abin da ka tattaro a zagayenka, waɗanda ka tabbata suna cikin ikonka. Kowane alƙawari ya zo da rana da sunan wanda zai yi aikin. Maimakon ka ce za a magance matsalar ruwa, ka ce za a kira makaniki ya duba famfon tuƙa-tuƙa na bakin makaranta kafin Juma'a mai zuwa, mataimakin shugaba ne zai kira shi, kuma za a karanta kuɗin gyaran a taron wata. Alƙawari kaya ne, kuma ƙaramin da aka sauke a kan lokaci ya fi amfani ga sunanka a kan babban da ake ta ɗagawa. Abin da ya dogara ga gwamnati ko wani ɗan siyasa kuwa, ka ce za ku nema, kada ka ce za a samu.

Mataki na uku: kuɗi

A nan ne mafi yawan shugabanni suke faɗuwa, har da waɗanda ba su ci ko sisi ba, don haka zan daɗe a kansa. Mutumin kirki yakan ɗauka cewa tunda ya san bai ci ba, kowa ma ya sani. Membobi kuwa ba sa ganin zuciyarsa, abin da suke gani shi ne sun ba da kuɗi, ba su kuma ji inda kuɗin suka shiga ba.

Abu na farko, kuɗin ƙungiya kada su kwana a aljihunka ko a asusunka, ko da na dare ɗaya ne. A buɗe asusu da sunan ƙungiya. A Nijeriya banki zai nemi shaidar rajista, wadda ƙungiyoyin al'umma da na addini kan samu daga Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ta hanyar yi wa amintattunsu rajista, ƙungiyoyin gama kai kuwa suna yin tasu a ofishin kula da gama kai na jiha. A ajiye masu sa hannu uku, shugaba da ma'aji da sakatare, a kuma gaya wa banki cewa ba a fitar da kuɗi sai biyu daga cikinsu sun sa hannu. Ma'ajin kada ya zama ƙaninka ko surukinka ko yaron shagonka, komai gaskiyarsa. Ina kuma ba da shawarar a sa lambar wayar da saƙon alat zai riƙa shiga ta zama ta wani ba kai ba, domin duk motsin da aka yi a asusun ya zama akwai idon da ya gani nan take.

Abu na biyu shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta yi gargaɗin kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Duk wanda ya biya kuɗin wata a yanka masa rasit mai lamba, ɗaya ya tafi da shi, ɗaya ya zauna a littafi. Duk abin da aka saya a karɓo rasit, idan kuma mai sayarwar ba ya da shi, kamar mai yashi ko mai kura, a rubuta a takarda ya sa hannu ko ya dangwala, wanda aka aika ma ya sa. Littafin shiga da fita ya kasance mai bango mai ƙarfi da shafuka masu lamba, a rubuta da biro, idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta na ƙasa, kada a goge ko a yage shafi.

Abu na uku shi ne karantawa a bainar jama'a kowane wata, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. A ɗauka membobi 120 ne, kowa yana biyan naira 1,000 a wata. Ma'aji zai miƙe bayan sallar La'asar da littafi a hannu ya ce, mutum 95 suka biya, an sami naira 95,000, akwai ragowar watan jiya naira 40,000, an kashe 62,000 a gyaran famfo, ga rasit ɗin makaniki da na mai kayan gyara, saura naira 73,000, ga takardar banki. Sai a miƙa takardun su zaga hannu-hannu, wanda bai iya karatun boko ba ya ba ɗansa ko maƙwabcinsa ya duba masa. Wannan ba ya cin fiye da minti goma. Bayan taro a ɗauki hoton shafin a tura zauren WhatsApp na ƙungiya, a kuma liƙa kwafi a ƙofar ofis ko allon masallaci saboda marasa babbar waya. Sunayen waɗanda ba su biya ba kuwa kada a karanta su a taro, a bi su a keɓe, domin wanda aka kunyata a gaban jama'a yakan zama abokin gaba har ƙarshen wa'adinka.

Abu na huɗu, kai da kanka ka nemi a kafa kwamitin binciken kuɗi na mutum biyu ko uku da taro zai zaɓa, ka kuma roƙi a sa mutumin da ya fi kowa yawan tambaya a ciki. Na san wannan yana da ɗaci, amma ranar da wannan mutumin ya miƙe ya ce ya duba littafi ya ga daidai, maganarsa za ta yi maka aikin da taka ba za ta yi ba.

Sai maganar kyauta. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Dillalin da ya sayar wa ƙungiya siminti ya aiko maka da shadda, ko ɗan takarar da ya ba ka ambulan bayan taro, kujerar suka ba. Ko dai ka mayar cikin mutunci, ko ka kai abin gaban taro a rubuta shi cikin kayan ƙungiya.

Mataki na huɗu: rabo

Bayan kuɗi, babu inda ake auna shugaba kamar ranar rabo, ko na takin zamani ne, ko irin shuka, ko rumfunan kasuwa, ko buhunan abincin azumi. Dabarar ita ce a tsayar da ƙa'ida tun kayan ba su iso ba, lokacin da babu wanda ya san wa za ta amfana. Taro ya yanke ko za a bi girman gona ne, ko wanda ya cika kuɗin wata, ko za a fara da zawarawa da marayu. A rubuta jerin sunaye a liƙa kwana uku kafin rabo don mai ƙorafi ya kawo. Ranar da mota ta iso a sauke a fili da rana, a ƙirga buhunan da babbar murya a gaban mutane, a faɗi adadin da takardar rakiya ta nuna da adadin da aka gani. Idan kayan ba su kai yawan masu haƙƙi ba a yi ƙuri'a, a kuma rubuta cewa waɗanda ba su samu ba su ne farko a rabo na gaba. Naka kason ka karɓa a ƙarshe, idan ya ƙare kafin a zo kanka ka haƙura.

'Yan uwanka za su yi fushi, wannan babu makawa, kuma ya fi sauƙi ka zaunar da su tun kafin ranar ka gaya musu cewa layi za su bi kamar kowa. Wanda kake son taimakawa daga cikinsu, ka taimake shi daga aljihunka.

Mataki na biyar: mummunan labari da jita-jita

Idan abu ya lalace, a ji shi daga bakinka kafin a ji shi a majalisar mai shayi. An ƙi amincewa da takardar neman rancen ƙungiya, ko ɗan kwangila ya gudu da kafin alƙalami, ko kuɗi sun yi giɓi: ka kira taro cikin kwana biyu, ka faɗi abin da ya faru, da abin da aka sani zuwa yanzu, da ranar da za a dawo da ƙarin bayani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɓoye labari ko da da kyakkyawar niyya ne, idan ya fito ana lissafa shi cikin ƙarya.

Abin da ya faru da rigakafin shan inna a Arewa ya nuna yadda jita-jita take samun gindin zama, da kuma yadda ake tumɓuke ta. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, kuma shari'ar da ta biyo baya sai a 2009 aka sasanta ta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Da raɗe-raɗin cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ya bazu a 2003, ya tarar da mutanen da ke da dalilin yin shakka, har aka dakatar da rigakafin a Kano na kusan shekara guda, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da Indonesiya. Musantawa a rediyo kaɗai ba ta wadatar ba. Sai da aka tura wakilai suka je aka gwada maganin, aka sayo shi daga Indonesiya, ƙasar da jama'a suka fi natsuwa da ita, sannan aka koma rigakafi a Yulin 2004, kuma a Oktoban shekarar aka ɗiga wa 'yar gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, maganin a gaban jama'a. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aikin ya riƙa bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta asali.

Shugaban ƙaramar ƙungiya zai iya bin sawun nan. Ka fara da neman tsohon raunin da jita-jitar ta taso daga gare shi, ka amsa cewa ya faru, kada ka kira masu shakka jahilai. Ka bar su su zaɓi wanda zai je ya gano musu da idonsa. Abin da kake kiran mutane su yi, ka fara yin sa da kanka da iyalinka, ko biyan kuɗin wata ne ko fita aikin gayya na yashe kwata. Sannan ka isar da saƙo ta bakin waɗanda aka riga aka yarda da su, limami ko sarkin noma ko ungozoma. Nana Asma'u 'yar Shehu ta bi wannan hanya a ƙarni na 19 lokacin da ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa horar da dattawan mata, waɗanda ake kira jaji, suna kai karatu ƙauyuka ga 'yan uwansu mata. Har yau ƙungiyar da ba ta da amintacciyar mace mai shiga gidaje, rabin jama'arta a bakin wasu suke jin labarinta.

Mataki na shida: ranar da aka zarge ka

Babba juji ne, kuma za a zarge ka ko ka yi ko ba ka yi ba. Kada ka mayar da martani a zauren WhatsApp cikin dare, kada ka cire mai zargin daga zauren, kada ka tura yaranka su yi masa ca. Ka gayyace shi taro, ka ajiye littafi da rasitai a kan tabarma, ka koma gefe ka bar mataimakinka ya jagoranci zaman. Idan ya tabbata kai ka yi kuskure, ka faɗi haka da kalmomi bayyanannu, ka faɗi yadda za ka gyara da ranar da za ka gyara, ka biya idan abin na biya ne. Idan kuma an wanke ka, kada ka nemi a wulaƙanta shi, domin sauran membobi suna kallo ne su ga abin da zai sami wanda ya yi tambaya.

Mataki na bakwai: rayuwarka da wa'adinka

Jama'a suna lura da rigarka da abin hawanka da ginin gidanka, suna kwatanta su da yadda suke kafin a zaɓe ka. Malam Aminu Kano ya jagoranci jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya zamanin Janar Gowon, jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerun gwamna a Kano da Kaduna a 1979, amma da ya rasu a Afrilun 1983 a gidansa na Gwammaja yake zaune, gidan da yanzu ake kira Mambayya ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma bai bar dukiyar da za a nuna ba. Talakawa sun gaskata maganarsa a kan haƙƙinsu domin suna ganin yadda yake rayuwa. Ba ina cewa shugaba ya ƙi cin halalinsa ba ne. Idan sana'arka ta kawo maka babur ko mota a lokacin da kake kan kujera, ka tabbata na kusa da kai a kwamiti sun san daga inda ta fito, kuma kada ka taɓa cuɗa cinikin shagonka da sayayyar ƙungiya, ko da kai ne mafi arha a kasuwa.

Wa'adin da tsarin mulkin ƙungiya ya tanada kuwa, ka faɗi ranar ƙarewarsa da bakinka tun da wuri, ka kafa kwamitin zaɓe da babu kai a ciki, kada ka nemi a gyara tsarin don ka zarce ko da masoya sun matsa.

Yadda za ka auna ko ana yarda da kai

Tafi da kabbara a taro ba ma'auni ba ne. Ka duba littafin kuɗin wata ka gani ko masu biya ba tare da an bi su ba suna ƙaruwa, ka duba rajistar taro ko ana zuwa ranar da babu rabon komai, ka kuma lura ko mutane suna kawo maka ƙorafi a kanka kai tsaye ko kuwa sai dai ka tsinta a waje. Duk bayan wata uku ku zauna da sakatare ku fitar da sunayen waɗanda suka daina zuwa ko suka daina biya. Ka je wurin kowannensu da ƙafarka, ba tare da littafin rasit ba, ka tambaye shi abin da ya gani ko ya ji, sa'an nan a taro na gaba ka kawo abubuwan da aka gaya maka ba tare da ambaton suna ba, a tsayar da wanda zai bi kowanne da ranar da zai kawo rahoto.